Na Kusa Rasa Ƙodata Saboda Rigar Dina

Sallama gare ku 'yan gidana, masu bina a wannan shafi. Mako uku ke nan ban rubuta ko harafi ɗaya ba, kuma duk na ga saƙonninku. Akwai masu tambaya ko an ɗaura auren ne na manta da ku, akwai masu cewa sun ji ina asibiti, har da wata baiwar Allah da ta turo min addu'ar da ake yi wa mamaci. To ina nan da raina. A zaune nake a kan katifata, na miƙe ƙafafu a kan filo biyu, ga gorar ruwa a gefena. Zan ba ku labarin da bakina, tun da wasu sun riga sun ba da shi da nasu bakin.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Hamdiya, 'yar Malam Lawal ta Tudun Ƙofa a nan Keffi. Shekarata ashirin da biyar. Sana'ata kek da cincin da samosa, a wani ɗan shago da Baba ya yanka min a jikin zauren gidanmu. Kuma ni mai jiki ce. Ba yau na fara ba, haka aka haife ni, haka Ummata take, haka kakata take a hoton da ke rataye a falonmu. Ban taɓa tsayawa gaban madubi na ji haushin kaina ba sai bana.

Akram shi ne wanda zan aura. Ɗan unguwar Yara ne, yana aikin gwamnati a Abuja, kullum ya tafi da sassafe ya dawo da yamma. A shagona muka haɗu, ya zo sayen kek ɗin suna, ya dawo washegari wai ya manta canjinsa, ya sake dawowa wai kek ɗin ya yi daɗi. A zuwa na huɗu ya rasa ƙaryar da zai yi, sai ya faɗi gaskiya. Mutum ne mai sanyi, ba ya ɗaga murya, kuma ya taɓa ce min abin da ya fara so a wurina shi ne yadda nake dariya da dukan jikina. An sa ranar bikinmu mako biyu bayan Babbar Sallah.

Mahaifiyarsu ta rasu yana aji uku a firamare. Yayarsa Anti Naja'atu ce ta riƙe shi, ita ta yi masa wanka ta kai shi makaranta, ita ta tsaya masa har ya zama mutum. Ban taɓa raina wannan ba, kuma har yanzu ban raina ba. Amma ku riƙe shi a ranku, don shi ne dalilin da ya sa Akram ba ya iya kallon idonta ya ce a'a.

Kwana biyu bayan Ƙaramar Sallah ta zo gidanmu da rigar da zan sa ranar dina. Ba ta tambaye ni awona ba, a hoto ta kalle ni ta ba telanta na Abuja. Riga ce mai kyau, ba zan yi mata ƙarya ba, ruwan zuma, an bi wuyanta da hannuwanta da duwatsu, ƙasanta ya baje kamar lema. Muka shiga ɗakin Umma na zura ta. Zif ya hau har tsakiyar bayana ya tsaya. Umma ta ja, Anti ta ja, na riƙe numfashi har idona ya kawo ruwa, bai motsa ba.

Na ce a mayar wa tela ya buɗa ta. Anti ta ce yadin ya ƙare, kuma ko bai ƙare ba ɗinkin ba ya son a taɓa shi. Ta ja baya ta ƙare min kallo daga sama har ƙasa, irin kallon da ake yi wa buhun masara a kasuwa.

"Saura wata biyu da 'yan makonni," in ji ta. "Kilo goma ba komai ba ne ga mai niyya. Abokan aikinsa na Abuja za su zo, hotuna za su yawata. Ki taimaki kanki."

Ta buɗe jakarta ta ciro wani koren kwali na shayin rage ƙiba ta ajiye a kan gado. Na juya ina jiran Umma ta ce wani abu. Umma ta yi murmushin nan na kunyar surukai ta ce in sha Allahu za ta rage, ai yarinya ce mai jin magana.

Da yamma na tura wa Akram saƙo.

Ni: Ka ji abin da Anti ta ce min?

Shi: Na ji. Ki yi haƙuri, haka take. Ni dai kin san a yadda kike nake son ki.

Ni: To ka gaya mata haka.

Ya daɗe yana rubutawa yana gogewa, ina kallon ɗigon nan uku suna rawa. Can sai ga shi.

Shi: Ki ɗan gwada dai, don a zauna lafiya. Zan kawo miki takalmin gudu ranar Asabar.

Ya kuwa kawo, fari mai ratsin shuɗi, daidai ƙafata. Awon ƙafata ya sani.

A nan zan faɗi laifina, don ban zo in wanke kaina ba. Ba don biyayya na yi abin da na yi ba, don fushi na yi. Na ce a raina ba kilo goma ba, sha biyar zan zubar, in sa rigar nan ta yi min yawa, in tsaya a gaban Anti ta rasa ta cewa. Da wannan zuciyar na tafi wani wurin motsa jiki na mata a Angwan Iya ranar Litinin.

Mai koyarwar sunanta Anjelina, wata doguwar mata 'yar ƙabilar Mada, tana Hausa tana haɗawa da Turancin kasuwa. Ta tambaye ni ko na taɓa motsa jiki, na ce a'a. Ta tambaye ni ko ina azumi, na ce a'a. Ƙarya na yi mata, Sitta Shawwal nake yi, rana ta biyu. Ta sa ni tafiya a kan inji na minti goma, ta sa na yi tsuguna-tashi sau ashirin, sannan ta ce ya isa na yau, in sha ruwa sosai, in dawo jibi. Ta ce jiki ba a yi masa gaggawa.

Na fito ina tsaki. Sau ashirin, da me zai kai ni kilo sha biyar?

Kun san zafin Afrilu a Keffi, irin wanda kwanon rufi yake ƙara da kansa. Babu wuta tun safe, fanka a tsaye. Na shiga ɗaki na kulle, na naɗe cikina da baƙar leda, na ɗora rigar sanyi a kai, na kunna wani bidiyo a waya da ake cewa tsuguna-tashi ɗari uku a rana ɗaya. Na yi su. Ina yi ina hango fuskar Anti, in ƙafata ta fara rawa sai in tuna zif ɗin nan in ci gaba. Da na gama na ɗauki igiya na yi tsalle har na daina ƙirga. Daga nan na fita na zauna a gaban wuta na soya cincin ɗin mutane mudu uku. Da aka kira Magariba ban ci abin kirki ba, dabino uku da kofin shayin Anti, wanda ya sa ni zaryar banɗaki har ƙafata ta gaji.

Washegari cinyoyina suna ciwo kamar an yi musu dukan tsiya. Na ce ai alamar aiki ce. Na ɗauki azumi, na sake naɗa leda, na sake yi. Ban kai ɗari uku ba, a ɗari da wani abu ƙafafun suka ƙi ɗaukata, na zube a kan tabarma.

Ranar Laraba da safe na kasa tashi. Ba irin gajiyar da kuka sani ba ce. Cinyoyina sun kumbura sun yi tauri kamar itace, ga zafi in ka taɓa, ko zani ya goge su sai na cije leɓe. A zaune na yi sallah, don ko ruku'u ban iya ba. Kafin nan na riga na laluba jakata na ciro maganin ciwon jikin nan na kemis da kowa yake sha, na haɗiye biyu kafin a kira Asuba, kamar yadda na yi daren jiya, na kuma ɗauki azumi don taurin kai. Kafin hantsi na fara amai.

Da ƙyar na dafa bango na kai kaina banɗaki. Abin da ya fito daga jikina bai kai rabin kofi ba, kuma kalarsa kamar shayin da aka dafa ya yi baƙi ba a zuba masa madara ba. Na tsaya ina kallo. Na ce ko idona ne. Da azahar na sake zuwa, ya ƙara duhu, ya ƙara ƙanƙanta.

Umma da ta gani ta ce shawara ce, ta tafi ta jiƙa min saiwa. Da ta ga cinyoyin kuma ta canza magana, ta ce bakin mutane ne, tun da aka sa ranar nan ake ta magana a kaina. Ta kira Baba ya yi min tofi. Baba ya yi, sannan ya tambaye ni ko har yanzu azumin nake. Da na ce e, ya ɗebo ruwa a randa da hannunsa ya miƙo min, ya ce in karya yanzu, nafila ce, Allah bai ce in halaka kaina ba.

Wadda Allah ya turo ita ce Anti Judit, maƙwabciyarmu da katanga ɗaya ta raba mu, nas ce ta shekara da shekaru. Ta shigo karɓar kek ɗin da ta ba ni aiki na bikin cocinsu, ta tarar shago a rufe, ta leƙo ciki. Ta danna cinyata da yatsa na yi ƙara. Ta tambaye ni abin da na yi a kwana biyun nan, na faɗa mata duka, har ledar, har shayin, har maganin kemis. Sai ta ce in ba ta fitsarina a roba ta gani. Umma, da ke kiranta da sunan ɗanta, ta ce haba Maman Godwin, wane irin abu ne wannan. Anti Judit ba ta ko kalle ta ba.

Ta ɗaga robar a hasken taga, ta ajiye, ta juya wurin Baba.

"Malam, a nemo keke yanzu. Ba gobe ba, ba bayan La'asar ba. Ƙodarta ce ke cikin haɗari."

Mutum biyu suka ɗaga ni suka sa a keke. Duk ramin da muka faɗa a hanya sai na ji shi a cikin ƙashina.

A asibiti aka ɗebi jinina da fitsarina, kuma tun kafin sakamako ya fito aka sa min ƙarin ruwa. Likitan da ya karɓe ni sunansa Dakta Natan, wani siriri mai gilashi, yana magana a hankali kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya. Da takardun suka dawo ya jawo kujera ya zauna kusa da gadona, ya ce ciwon sunansa rabdomayolisis, su a asibiti rabdo kawai suke cewa. Na sa ya maimaita sau uku.

Ga yadda ya bayyana min. Tsokar jikin mutum, in aka yi mata aikin da ya fi ƙarfinta, musamman a cikin zafi kuma babu ruwa a jiki, fashewa take yi daga ciki. Abin da ke cikinta sai ya tsiyaye ya shiga jini. Akwai wani sinadari mai launi a ciki, mayogulobin, wanda in ya isa ƙoda yake toshe 'yan ƙananan hanyoyinta ya kuma ƙona su. Shi ne ya rina fitsarina. Ya ce tsinken gwaji ya nuna kamar akwai jini, amma da aka duba a madubin likita babu ƙwayar jini ko ɗaya, tsokata ce kawai nake fitsarwa. Akwai wani awo na jini da suke kira Si-Ke, wanda yake nuna yawan tsokar da ta lalace. Na mai lafiya ba ya wuce ɗari biyu. Nawa ya haura dubu arba'in.

Ya ce shayin nan ya ƙarasa tsotse ɗan ruwan da ya rage min, maganin ciwon jikin da na sha kuma irin wanda yake ƙara wa ƙoda wahala ne. Na haɗa komai da komai a kwana biyu. Ya ce ba ni ce ta farko ba. Ya ga ciwon a jikin samari masu gudun neman shiga aikin ɗamara, da leburori masu aiki a rana, da wanda gini ko mota ta danne, da wanda aka yi wa mugun duka, da wanda ya suma ya daɗe a kwance a gefe ɗaya. Wasu magunguna ma suna kawo shi, kamar na rage kitsen jini, haka shaye-shaye, haka saran wasu macizai. Alamunsa uku ne da bai kamata a yi wasa da su ba: ciwon tsoka mai tsanani, rashin ƙarfi, da fitsari mai duhu ko wanda ya ragu. Ya ce wasu ma ba sa samun duka ukun.

Maganin kuwa ruwa ne. Ban taɓa sanin jikin mutum zai iya ɗaukar ruwa haka ba. Leda tana ƙarewa ana rataya wata, dare da rana, don a wanke ƙodar kafin ta toshe gaba ɗaya. Aka sa min robar fitsari, kowace awa nas ta zo ta duba jakar ta rubuta. Aka manna min wayoyi a ƙirji aka auna bugun zuciyata, don akwai wani gishiri, fotasiyam, da yake fita daga tsokar, in ya yi yawa a jini yana iya tsayar da zuciya. Safe da yamma ana auna faɗin cinyoyina ana taɓa yatsun ƙafata ana tambaya ko ina ji, don in kumburin ya matse jijiyoyi sai an yi aiki an buɗe.

Akram ya zo a rana ta biyu, ko gida bai biya ba daga ofis, da leda cike da ayaba da lemo. Nas ta tare shi a ƙofa ta karɓe, ta ce waɗannan su ne ba zan ci ba yanzu, gishirin nan ya yi yawa a cikinsu. Ya shigo hannu wofi ya zauna. Da ya ga hannuwana a kumbure da jakar da ke rataye a gefen gado, sai ya sunkuyar da kai. Ya ce da ya sani da bai sayi takalmin nan ba. Na ce ba takalmin ne ya dame ni ba. Bai tambaye ni mene ne ba, ni ma ban ƙara ba, don ba ni da ƙarfin faɗa.

A ranar ce Dakta Natan ya ce awon ƙodata ya ƙara lalacewa a kan na jiya. Ya ce in zuwa gobe fitsarin bai ƙaru ba, za a yi maganar wankin ƙoda, ko da na ɗan lokaci ne. Umma ta fita baranda, ina jin kukanta ta taga. Ni ban yi kuka ba. Na kwanta ina kallon silin ina tunanin wai ni Hamdiya, da ƙodata biyu lafiyayyu da Allah ya ba ni, na ɗauke su na kai su bakin injin wankin ƙoda saboda zif.

Washegari da hantsi nas ta ɗaga jakar ta yi murmushi. Ta cika fiye da rabi, kalar ta sauka ta koma kamar shayi mai ruwa-ruwa. Ban taɓa zaton zan ga ranar da Ummata za ta tsaya a gaban jakar fitsari tana ɗaga hannu tana hamdala ba, amma na gani. Kwana ɗaya bayan haka awon ƙodar ya fara sauka. Ba a yi wankin ba.

A rana ta huɗu ne, ina murnar na iya zama da kaina, wayata ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Akwai wani guruf da aka buɗe na matan biki don maganar anko, mutum arba'in da bakwai, dangina da danginsa da ƙawayena. Anti Naja'atu ta yi saƙon murya za ta tura wa wata aminiyarta, sai ta tura can. Ta goge bayan minti shida, amma kafin nan mutane da yawa sun saurara, wata ƙawata kuma ta riga ta ajiye ta turo min.

Na sa a kunnena. Muryarta ce, a kwance, har da 'yar dariya.

"Budurwa da amai, da jini, an kwashe ta a keke ba a gaya wa kowa ba, yanzu kuma wai ƙoda. Ni dai ba yarinya ba ce. Ko ɓari ne ko mene ne, sai an kawo mana takarda kafin ƙanena ya jefa kansa."

Na saurara sau biyu. Sannan na miƙa wa Umma.

Umma ta zauna a bakin gado. Da ta gama saurara sai ta ce in yi shiru. Kada in ce komai a guruf, kada in kira Akram, za ta sa Baba ya karɓi takardar likita ya kai gidansu a asirce, magana ta mutu. Ta ce mace ba ta wanke kanta a bainar jama'a, yawan bayani shi yake ƙara wa zargi ƙarfi, kuma in na buɗe baki auren nan zai iya lalacewa.

Na ce mata shirun da muka yi ranar rigar shi ya kawo ni gadon nan, ba zan sake yin wani ba.

Da Dakta Natan ya zo zagaye na roƙe shi ya rubuta min abin da ya same ni a takarda da hatimi. Ya rubuta. A cikin gwaje-gwajen da suka yi min ranar farko har da na ciki, kamar yadda suke yi wa kowace mace kafin su fara magani, kuma ga shi nan a rubuce babu. Na ɗauki hoton takardun na tura guruf ɗin. Hannuna a kumbure yake, don haka Anti Judit ce ta riƙe min wayar na yi magana.

Na yi sallama, na gaishe da manya. Na faɗi sunan ciwon. Na ce tsokar cinyata ce ta narke saboda na yi motsa jikin da ya fi ƙarfina ina azumi a cikin zafi, ina shan shayin rage ƙiba, don in shiga rigar da aka ɗinka ba da awona ba. Na ce wannan wautata ce, na ɗauka. Na ce duk wadda ta ga fitsarinta ya koma kalar shayi bayan aikin wahala, ta bar jiƙo ta bar maganin kemis ta tafi asibiti a ranar. Sannan na ce abin da aka faɗa a kaina ƙazafi ne, kuma a nan aka faɗe shi, a nan nake jiran a janye shi.

Guruf ya yi tsit. Mutum arba'in da ɗaya suka saurara a cikin awa guda, babu wadda ta ce uffan, sai wata gwaggon Akram da ta turo hannun addu'a. Umma ta ƙi yi min magana har yamma. Abin da ya fi ƙona mata rai wai budurwa ta yi maganar fitsarinta a gaban surukai.

Kwana bakwai na yi aka sallame ni. An ce in riƙa shan ruwa sosai, kada in taɓa irin maganin ciwon jikin nan, kada in yi aikin ƙarfi na wasu makonni, in dawo a sake auna jinina, kuma in zan koma motsa jiki in fara da tafiya kawai. Da na hau sikeli kafin in fito, na ƙara kilo huɗu saboda ruwan da aka ɗura min. Na yi dariya har nas ta leƙo. Anjelina ma ta zo gida ta duba ni, ta kawo kankana Anti Judit ta ce a ajiye tukuna, ta kuma wanke ni tas a kan ƙaryar azumin da na yi mata. Na ba ta haƙuri, don ita ce kaɗai ta ce min in bi a hankali.

Kwana biyu da dawowata Baba ya kira ni falonsa bayan Azahar. Baba ba mai yawan magana ba ne, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ya fi son rediyonsa da mutane. Ya ce ya ji saƙon, ya ji amsata. Ya tambaye ni me nake so a yi.

Na ce ina so a ɗaga bikin. Ba fasawa na ce ba. A ɗaga har sai wadda ta yi maganar ta janye ta da muryarta a inda ta yi ta.

Umma daga bakin ƙofa ta fara cewa an riga an raba kati, an sayi anko, me za a ce wa mutane. Baba ya ɗaga mata hannu. Ya dube ni ya ce zai aika wa kawun Akram da yamma a ɗaga.

Washegari Akram ya zo zaure. Na fito da kaina ina dafa bango, cikin doguwar rigata ta atamfa da na fi so, wadda aka ɗinka da awona. Ya rame. Ya ce ya yi wa Anti Naja'atu magana, karo na farko a rayuwarsa ya ce mata ba ta kyauta ba. Ta yi kuka, ta ce yau ita Akram yake so ta durƙusa wa yarinyar da ta girma da shekara goma sha biyar, ta ce in haka ne ya nemi wata uwar. Ya ce shi ya san ni, bai taɓa zargina ba ko na daƙiƙa ɗaya. Ya ce shi zai shiga guruf ɗin ya ba da haƙuri a madadinta.

"Ba kai ka faɗa ba," na ce.

"Hamdiya, ita ta raine ni. Ki bar maganar nan don Allah, ko don ni."

"Don kai na bar ta farko. Ka ga inda ta kai ni."

Ya zauna yana juya makullin motarsa, har aka kira La'asar ya tashi ya tafi. Da na koma ɗaki na yi kukan da ban yi a asibiti ba, don ina son mutumin nan, kada wani ya gaya muku ba na son shi. Amma ban kira shi ba. Kusan mako guda babu saƙonsa, babu nawa. Ina ganin shi a kan layi, yana ganina.

Yau Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ina zaune ina rubuta muku wannan, na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Jim kaɗan Umma ta ɗaga labule, fuskarta ba ta nuna min komai ba. Ta ce Naja'atu ce a falo, ita kaɗai, ba Akram. Ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa. Ta ce ni take so ta gani, mu biyu, a rufe ƙofa.

Na ajiye gorar ruwana, na sauke ƙafafuna daga kan filo ɗaya bayan ɗaya, na yafa gyale. Na ce wa Umma ta je ta kira Baba, ta leƙa ta katanga ta kira Anti Judit, ita ma ta zo ta zauna.

Umma ta riƙe hannuna ta ce a hankali, "Ta ce ku biyu fa."

Na ce na ji. A gaban mutum arba'in da bakwai aka ɓata sunana, ba za a gyara shi a bayan ƙofa ba. In ta yarda ta yi magana a gabansu, ga ni nan fitowa. In ba ta yarda ba, motarta tana waje.